Daga Babban Gwani Zuwa Maitama: Wa Zai Koya Wa 'Ya'yanmu Bango?

Duk wanda ya daɗe a Abuja a cikinmu ya san aikin gini ne ya kawo da yawa daga iyayenmu da yayyenmu, tun bayan da Janar Murtala ya kafa dokar sabon babban birni a 1976, har gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991. Magina da kafintoci da leburori daga Kano da Zariya da Katsina sun zubar da gumi a Maitama tun tana daji. Yau, alhamdu lillahi, 'ya'yansu ne ke karatun zanen gine-gine a jami'o'i. To, amma wa ke koya musu sirrin bango da rufi da taga, wato abin da ya raba cikin ɗaki da rana da ruwan sama?

Bari mu koma baya kaɗan. A ƙasar Hausa ba a zama magini sai an yi shekaru a bayan ubangida. Yaro yana farawa da kwaɓa ƙasa da dunƙula tubali, daga nan a bar shi ya jera, sai can ya kai ga ɗaura azara da bakan gizo. A hannu yake koyon cewa bango yakan yi kauri a gindi ya sirance a sama, kuma kaurin nan ne ke tsare zafin rana har dare ya yi. Yana koyon yaɓe da makuba ta kwasfar ɗorawa, da haɗa laso da katsin marina da gashin awaki da dafara don kada soro ya yi yoyo, da kafa indararo yadda ruwa zai zuba nesa da gindin bango.

Wannan makaranta ce ta fitar da Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, 1834 zuwa 1846. Ilmin bai mutu da shi ba, domin zuriyarsa da almajiransa sun riƙe sana'ar.

Da boko ya zo, sai abin ya koma aji. A 1955 aka dawo da sashen zanen gine-gine daga Ibadan zuwa Zariya, ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Duk da haka masu hankali ba su yar da na da ba. Wani Bature ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya yi shekaru yana yawo da matasan Nijeriya suna auna gine-ginen ƙasa, kuma daga aikinsa aka sami gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka sake gina kwatankwacin masallacin Zariya. Ita ma hukuma ta san aji kaɗai bai isa ba. Shi ya sa hukumar ITF ta fito da shirin SIWES a 1973, ɗalibi ya fita ya taɓa aiki da hannunsa, kuma ko ya gama digiri sai ya zauna ƙarƙashin wanda ya riga shi kafin hukumar ARCON ta ba shi lasisi.

Yanzu ku zaga Maitama ku gani. Akwai gidajen da aka yi wa bangon gilashi yana kallon yamma, ba rumfa ba inuwa. Da la'asar ɗakin ya zama tanda, in aka ɗauke wuta kuwa sai kukan janareta. Ga shi ruwan Abuja ya fi na Kano yawa, saboda haka rufin kankare da ba a karkata shi ba, damina biyu sai ka ga bango ya yi baƙi, fenti na ɓarewa. Tsohon magini da bai taɓa riƙe fensir ba zai gaya maka wannan tun ana haƙa harsashi.

Ba muna cewa a koma ginin ƙasa a Maitama ba ne. Bulo da siminti sun zauna. Amma tambayoyin da Babban Gwani ya amsa suna nan: ina rana ke faɗuwa, ina ruwa zai bi, ta ina iska za ta shiga?

Don haka muke kira ga ƙungiyarmu. Muna da ƙwararrun masu zanen gini a ma'aikatu da kamfanoni, muna da dattawan magina da suka ajiye aiki, muna kuma da ɗalibai da ke dawowa hutu suna zaman banza. Kowane ƙwararre ya ɗauki ɗalibi ɗaya ya riƙa kai shi wurin gini, a tsaya a gaban bango a nuna masa inda ruwa ke shiga da dalilinsa. A kuma zaunar da su gaban dattawan nan da littafi da biro, domin kowace shekara muna raka wasunsu makwanci, abin da ke kansu na tafiya da su. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya yi wa 'ya'yanmu albarka, amin.