Da Wane Babur Ya Fara?

Da yammacin Lahadi, idan la'asar ta yi sanyi, akwai wata ƙara da mazauna Malali suka saba ji. Daga wajen titin Rabah take tasowa, siririya kamar kukan sauro, kafin mutum ya waiga ta zama ruri, babur ya gifta, mahayinsa ya kwanta a kan tanki. Yara su bi shi da ihu. Dattawan da ke kan benci a ƙofar gida su bi shi da ido, wani ya ce Allah ya tsare, wani ya tambaya ɗan gidan wane ne. Tsofaffin mahaya kuwa tambayarsu daban ce: da wane babur ya fara?

Tambayar ta girmi babur a ƙasar Hausa. A gidan da ake ɗaure doki ba a ɗora yaro kan ingarma. Jaki yake fara hawa, sannan ƙuru, sannan wani tsohon doki mai sanyin hali, sai an ga hannunsa ya faɗa da linzami kafin a bar shi ya yi sukuwa. Da ƙarfe ya zo ya karɓi aikin doki, wannan tarbiyya ta biyo shi, kuma a Kaduna ta samu wani mataimaki, wato takardar albashi.

Kaduna garin ma'aikata ne tun asali. A 1917 Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru, garin ya cika da akawuna da masinjoji da 'yan reluwe da sojoji. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, wasu masaƙun suka biyo baya. Malali, da ke arewacin kogi, ta bunƙasa ne daga baya, da gidajen ma'aikata, da matatar ruwan sha, da Kwalejin Gwamnatin Tarayya da aka buɗe a 1973. Unguwa ce mai ɗan nisa da ofisoshin tsakiyar gari, balle Kakuri da ke tsallaken gada. Duk wanda ya tare a can dole ya nemi abin hawa, kuma matsayinsa a wurin aiki shi ke faɗa masa wanne. A wancan zamani gwamnati na ba da bashin abin hawa ana cirewa a albashi: ƙaramin ma'aikaci bashin keke, na tsakiya bashin babur, babba bashin mota. Mutum kan shekara da shekaru a mataki guda kafin ya taka na gaba.

Matakin farko ma tun yana yaro ya taka shi, a wurin mai hayar keke. A ba da 'yan kwabbai, a karɓi keke na ɗan lokaci, a faɗi, a kuje gwiwa, a tashi. Wanda bai samu ƙarami ba ya saci hawan Raleigh ɗin babansa, ya zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya yana tuƙi a karkace. A nan jiki ke koyon abin da baki ba ya iya koyarwa, yadda ake karkata a kwana, da yadda yashi ke zame taya.

Daga keke sai ƙaramar Honda mai buɗaɗɗen gaba, wadda ake kira ledis. Kamfanin Honda ya fito da ita a 1958 da sunan Super Cub, injinta bai cika cc 50 ba, kuma zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100 a duniya. Sirrinta shi ne ba ta da kulocin hannu. A taka giya, a murɗa totur, ta tafi. Ɗan koyo ba ya fama da mutuwar inji a tsakiyar titi, hankalinsa na kan hanya. Ko ya firgita ya murɗe totur har ƙarshe, ba ta da ƙarfin da za ta fizge shi. Malaman asibiti da malaman makaranta, maza da mata, da ita suka yi ta zirga-zirga.

Vespa tata hanyar daban. Ita ce ta malamai da 'yan kasuwa, domin babbar riga ba ta haɗuwa da kaca ko baƙin mai, ƙafafu na zaune wuri guda a kan faranti. Giyarta a hannun hagu take, a kama kuloci a murɗa. Har yau akwai dattawan da ba su yarda sun rabu da ita ba.

Shekarar da ta cika titunan Kaduna da babura ita ce 1975, lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta biya ƙarin albashin Udoji haɗe da ariyas na watanni. Kuɗi suka shigo hannun ƙananan ma'aikata a dunƙule, masu keke suka koma Suzuki da Yamaha masu cc 100, masu waɗannan suka haura Honda 175. A wannan shekarar ce aka fara haɗa motocin Peugeot a Kakuri, kuma a ita ce Honda ta fito da CG125, babur ɗin da ta tsara musamman don ƙasashen da ake wa inji lodi fiye da kima ba a kuma canza masa mai a kan kari. Zuwa 1979 kamfanin ya kafa reshensa na haɗa babura a Ota, jihar Ogun. Can saman tsanin kuwa Roadmaster ce ke zaune, mai silinda biyu da salansa biyu, mai nauyi da sanyin murya. Mai Roadmaster ya isa a gaishe shi. Amma ko ita, injinta bai wuce cc 200 ba, ƙarfinta bai kai doki 20 ba.

Wannan lissafi ya cancanci a tsaya a kansa. Duk tsanin da iyayen Malali suka hau, daga ledis zuwa Roadmaster, tazarar kowane mataki ba ta wuce ƙarfin doki 'yan kaɗan ba. Kuma koyon a gaban manya ake yin sa. Da sassafe, kafin titi ya cika, wa ko kawu ya zauna a baya, ya miƙo hannuwansa ya ɗora kan na yaro. “Saki kuloci a hankali. A hankali na ce. Kada ka kalli taya, kalli gabanka.” Babur ya yi tsalle ya mutu, a sake buga kik, a sake gwadawa, har ran da na bayan zai zame ya sauka ba tare da na gaba ya sani ba. Bayan wannan ma ba a sakar masa makulli. Aike ne kawai, zuwa injin niƙa ko kasuwar Kawo, a kuma duba agogo.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabon babur ɗin Japan ya fi ƙarfin mai albashi. Babur ya tashi daga abin ado ya koma abin neman abinci. Acaɓa ta kafu, a Kaduna har ana ce mata goyin. Da masaƙun Kakuri suka durƙushe, Kaduna Textiles a 2002, babbar UNTL a 2007, dubban magidanta suka rasa aiki, da yawansu kan babur suka koma. Sin ta kawo Jincheng mai araha da hayaƙi, Indiya ta kawo Bajaj Boxer mai doguwar kujera da jimirin lodi, sai kuma roba-roba, jikar ledis, wadda ta zama ta 'yan makaranta da ma'aikata. Koyo ya gajarce. Saurayi ya zo daga ƙauye, ya yi kwana uku yana zagaya fili, ran na huɗu ya ɗauki fasinja. Masu ɗori da ɗakunan ƙashi na asibitoci su suka san kuɗin wannan gaggawa. Hukumar kiyaye haɗurra, da aka kafa a 1988, ta tilasta sanya hular kwano daga 1 ga Janairun 2009, amma dokar ba ta daɗe da ƙarfi ba. Daga baya matsalar tsaro ta shigo: Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, Kaduna ta hana a cikin birni a 2014, sannan a ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin jihar ta dakatar da hawan babur ɗungurungum na wani lokaci.

Duk da haka, ko ɗan acaɓan da ya fi kowa ganganci, a kan inji mai ƙarfin doki takwas yake gangancinsa.

Fawa-bayik wata halitta ce dabam. Yamaha R1 ta fito a 1998 da inji mai kusan cc 1,000, samfurinta na yanzu ƙarfinsa ya kusa doki 200, kuma a giyar farko kaɗai tana wuce kilomita 120 a awa. Suzuki Hayabusa ta 1999 ta kai gudun kilomita 300, nauyinta ya haura kilo 250. An ƙera irin waɗannan ne da filin tsere a zuciya. Suna shigowa Najeriya a matsayin na hannu daga Turai da Amurka, kuma babu abin da ke tsakanin matashi da makullinsu sai kuɗi. Lasisin babur a ƙasar nan aji ɗaya ne, ajin A, bai bambanta roba-roba da Hayabusa ba. Wanda jiya yake kan Boxer, yau yana iya zama kan abin da ya ninka ta sau ashirin da biyar.

Ƙasashen da ke ƙera baburan ba su yarda da wannan tsalle ba. A Tarayyar Turai, tun Janairun 2013 lasisin hawa uku ne: na farko ya tsaya a cc 125, na biyu a ƙarfin doki 47, sai mutum ya shekara biyu a kansa, ko ya kai shekara 24, kafin a sakar masa na ƙarshe. A Japan akwai katanga a cc 400, tsallake ta sai da wata jarrabawar. Abin da dattawan Malali suka yi da ido da tsawa, su sun rubuta shi a doka.

Saboda wannan ne kamfanonin suka ƙera matakin tsakiya, ƙananan baburan tsere. Kawasaki na da Ninja 250 tun shekarun 1980, ta maye ta da Ninja 300, sannan Ninja 400 a 2018. Honda ta fito da CBR250R a 2011, Yamaha ta kawo R3 mai cc 321 a 2015, ƙarfinta doki 42, nauyinta wajen kilo 170. A ido ba su da maraba da manyan, ga rigar roba, ga tsinin gaba, ga zaman durƙuso. Bambancin a hannu yake. Idan taya ta faɗa rami hannu ya murɗa totur ba da niyya ba, R3 za ta yi gaba da ƙarfi, mahayi ya tsorata ya gyara. R1 za ta ɗaga tayar gaba.

Akwai kuma ɗabi'un da sai an kankare su. Yawancin waɗanda suka koyi tuƙi a kan babur ɗin acaɓa da birkin ƙafa suka dogara, suna tsoron na hannu don kada ya kifar da su. A babur ɗin tsere kuwa birkin gaba ke yin mafi yawan aikin tsayawa, kuma yana da kaifin da yatsu biyu sun ishe shi. Wanda ya danne na baya shi kaɗai cikin gudu, taya ta kulle, gindin babur ya juya. Wanda ya cafki na gaba da dukan hannu a kan yashin da damina ta zubo bakin kwalta, ƙasa zai sha. Giyar ma ta sauya tsari, ɗaya ƙasa biyar sama. Ga lissafin da ba ya canzawa: idan gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata ninki huɗu take yi. A titin unguwa mai Keke Napep da awaki da 'yan Islamiyya masu tsallakawa, wannan tazarar ita ce komai. Duk waɗannan ana iya koyonsu a kan cc 300 da kujewar gwiwa da fashewar roba. A kan cc 1,000 sau da yawa kuskuren farko ba ya barin damar na biyu.

Masu tsallake matakin suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce asara ce a sayi ƙarami yau a sayar baɗi, ga abokai na kan manya, ga hanyar Zariya ko ta Abuja na buƙatar inji mai numfashi. Sai dai ƙaramin ba ya kwantai a kasuwa, kullum akwai sabon mai koyo da ke nemansa, kuma yana iya gudun da ya wuce abin da doka ta yarda a kowace babbar hanya. Tayarsa da kacarsa sun fi araha, bakanike ya fi saurin gane kansa. Rarar kuɗin ta isa hular kwano ta gaske mai rufe haɓa, da jaket mai kariya a kafaɗa da gwiwar hannu, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu, kayan da galibi ake mantawa da su idan babban babur ya cinye aljihu. Uban da ya saya wa ɗansa mai shekara 19 babur mai silinda huɗu don yana ƙaunarsa, ya kamata wani ya zaunar da shi ya nuna masa waɗannan alƙaluma kafin a sauke kaya daga mota.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, tsanin ya fara aiki ta ɗaya gefen. Ma'aikata da dama a Malali sun lulluɓe motocinsu da tampol sun sayi roba-roba. Da safe ana ganinsu a hanyar ofis, magidanta masu furfura, jaka a rataye, hula a kafe. Waɗanda suka taso a zamanin ledis ba sa ɓuya: gwiwoyinsu a matse, idonsu can gaba, suna rage gudu tun kafin su iso kwana, yatsu biyu a kwance a kan birkin hannu.