Wasiyyar Girard da Makarantar Marayu ta Filadelfiya

Stephen Girard ya rasu a birnin Filadelfiya ranar 26 ga Disamba, 1831, lokacin da ake ganin babu attajiri kamarsa a duk faɗin Amurka. Haifaffen Bodo ne ta ƙasar Faransa, ya taso a aikin jirgin ruwa, fatauci ya zaunar da shi a Filadelfiya, daga baya ya buɗe bankinsa. Dukiyarsa ta kai har gwamnati ta jingina da shi wajen neman bashi a yaƙin 1812. Sai dai bai bar ɗa ba, bai bar jika ba.

Da aka karanta wasiyyarsa, dangi suka tarar ɗan abin da aka gutsura musu bai taka kara ya karya ba. Mafi yawan dukiyar ya danƙa wa hukumar birnin amana, ya ware dala miliyan 2 don a gina makarantar kwana ta marayu, sauran kadarori kuma su riƙa ciyar da ita. Mai karatun da ya saba da ƙa'idar Musulunci ta cewa wasiyya ba ta wuce sulusi zai yi mamaki, amma dokar can ba ta ɗaure masa hannu haka ba.

Girard bai bar wa masu riƙon amana wurin shawara ba. Ya tsara fasalin ginin, ya ce a kewaye shi da katanga mai tsawon ƙafa 10. Ya ce a ɗauki yara 'yan shekara 6 zuwa 10, a ciyar da su, a tufatar da su, a koyar da su kyauta. Ya hana kowane limami, na kowace ɗariƙa, koyarwa a ciki ko ma shiga da sunan ziyara. Sannan ya fayyace waɗanda za su ci moriya: marayu matalauta, maza, fararen fata.

Dangi suka garzaya kotu, suka ɗauki shahararren lauya Daniel Webster, wanda ya kafa hujja da cewa makarantar da ta rufe wa malaman addini ƙofa ba sadaka ba ce a idon doka. A 1844 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da wasiyyar. Aka buɗe makarantar, Kwalejin Girard, ranar 1 ga Janairu, 1848. Filayen da mamacin ya saya a gundumar Schuylkill suna ɗauke da kwal mai yawa, kuɗinsa ya daɗe yana riƙe da makarantar. Dubban yaran da suka rasa uba sun sami abinci da ilimi da sana'a a nan, kuma wannan alheri ne da ba za a raina ba.

Amma sharaɗin launin fata ya zauna daram fiye da shekara 100. Unguwar da ke kewaye da makarantar ta cika da baƙar fata, marayunsu na wucewa ta gindin katanga ba su da halin shiga. A ganina nan ne nauyin wasiyya yake: mai ita ya tafi, ba a iya komawa gare shi a ce ya sake tunani, sharaɗinsa kuwa yana ci gaba da hukunta yaran da bai taɓa gani ba.

A 1954 lauya Raymond Pace Alexander ya ɗauki maganar wasu yara baƙar fata da aka ƙi karɓa. A 1957 Kotun Ƙoli ta ce hukumar da ke riƙe da amanar reshen gwamnati ce, don haka ba ta da ikon nuna wariya. Maimakon a buɗe ƙofa, sai kotun gado ta birnin ta sauke hukumar ta naɗa masu riƙo masu zaman kansu, aka ci gaba da yadda ake yi. Wannan dabara ta jinkirta adalci shekara 11.

Daga 1 ga Mayu, 1965, Cecil B. Moore, shugaban reshen birnin na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, ya jagoranci zanga-zanga a bakin katangar, kullum, har fiye da wata 7. Martin Luther King ya zo ya yi jawabi a wurin cikin watan Agusta. Aka koma kotun tarayya, ta yanke cewa wariyar ta saɓa wa tsarin mulki, kuma a 1968 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ɗaukaka ƙarar masu riƙo. A watan Satumba na shekarar yara huɗu baƙar fata suka shiga aji.

'Yan mata sun jira har 1984. An kuma faɗaɗa ma'anar maraya ta haɗa da yaran gidaje masu ƙaramin ƙarfi da uwa ko uba ɗaya ke riƙe da su. A yau galibin ɗaliban baƙar fata ne, suna karatu daga aji 1 zuwa 12 ba tare da biyan kuɗin makaranta ba, daga dukiyar da Girard ya bari.