Majigi: Yadda Fim Ya Iso Ƙasar Auduga

Majigi ne ya fara kai fim ga manoman kudancin Katsina, a garuruwa irin su Ɗandume, Funtuwa da Malumfashi. Fim mai magana ya fara fitowa a Amurka a 1927, kuma a 1937 aka buɗe silimar Rex a Kano, inda ake nuna finafinan Amurka da Ingila. Amma a lokacin silima ta 'yan birni ce, sai da kuɗi ake shiga, malamai kuma suna ƙyamarta. Gobarar silimar El-Duniya a 1951, wadda ta ci rayuka sama da 300, ta ƙara wa jama'a tsoronta.

Shi majigi na gwamnati ne, kyauta ake kallonsa. Wani jami'in kiwon lafiya a Legas, William Sellers, ya soma amfani da fim wajen koyar da tsafta, sannan a 1939 Turawa suka kafa hukumar shirya finafinai don ƙasashen da suke mulka. A zamanin majigi, mota ce ke zuwa gari ɗauke da janareta da na'urar haska hoto. Sankira ya yi shela da rana, da almuru a kafa farin allo a ƙofar fadar hakimi ko filin makaranta. Yara su zauna a gaba, manya a baya, mai bayani kuma yana riƙe da lasifika yana fassara abin da ke gudana cikin Hausa.

Akan nuna labaran sarakuna da hawan daba, da darussan rigakafi da noma. Wanda ya fi shiga zuciyar mutanen wannan yanki shi ne Baban Larai, fim ɗin shekarun 1950 da ke kwaɗaitar da noman auduga ta hanyar zamani. Saƙon ya zo inda ya dace, domin a lokacin akwai gonar gwajin irin auduga a Daudawa da injin gurza a Funtuwa.

Gwamnatin Sardauna ta ci gaba da yawo da majigi wajen yaƙi da jahilci. Tasirin majigi ya ragu bayan an buɗe talabijin a Kaduna a 1962, sannan bidiyo ya yaɗu. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, daga nan fim ɗin Hausa ya koma sana'ar 'yan kasuwa.