Wrath of Sparta: Yaƙin Girka a Laftof, da Abin da Ɗan Maiduguri Zai Gane Babu a Ciki

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan sashen Tarihi da Kimiyyar Siyasa na Unimaid masu raba dare a hostel suna buga Total War: Rome II, yau kan ƙarin nan nasa mai suna Wrath of Sparta zan yi magana. Kamfanin Creative Assembly ne ya fitar da shi a Disambar 2014, an gina shi kan yaƙin da Atina da Sparta suka gwabza daga shekara ta 431 zuwa 404 kafin Miladiyya. Kana zaɓar ɗaya cikin huɗu: Atina, Sparta, Korinti ko ƙawancen Boyotiya.

A fagen daga dai, gaskiya sun yi ƙoƙari. Sojan Girka na lokacin yana riƙe garkuwa a hagu, mashi a dama, garkuwarsa tana kare rabin jikinsa da rabin na maƙwabcinsa. Saboda haka sahu ne ke yaƙi, ba mutum ɗaya ba. Wasan zai koya maka wannan tun kafin malami ya zo kansa a lakca: ka tunkari sahu gaba da gaba ka sha kashi, ka zagayo ta gefe ko ta baya ya watse. Zai kuma nuna maka cewa tsoro ne ke karya runduna tun ba a kashe rabinta ba. Taswirar ma makaranta ce. Kana ganin tsibiran nan da duwatsu, ka gane dalilin da ya sa Atina ta zama ta ruwa, Sparta ta tudu, aka shekara ashirin da bakwai kamar faɗan giwa da kada, kowa na jiran ɗan uwansa ya shigo gidansa.

Ƙorafin da aka saba ji shi ne sojojin duk iri ɗaya ne, mai mashi da garkuwa a nan, mai mashi da garkuwa a can. Ni wannan bai dame ni ba, kusan haka abin yake. Na laftof mai zafi kamar tukunyar ƙosai da batirin da ba ya kai ƙarshen yaƙi ɗaya kuwa, wannan tsakaninka da aljihunka ne.

Matsalata tana wani wajen. A wasan kana sama kamar shaho, kana ganin komai, ka danna sojoji su juya nan take. Kwamandan gaske yana cikin sahu, ƙura ta rufe shi, hular tagulla ta toshe masa kunne. A Amfifolis, a 422, Brasidas na Sparta da Kiliyon na Atina duk a yaƙi ɗaya suka mutu. Sannan sojojinka a wasa suna zaune a daji shekara da shekaru. Na gaske, in ka cire 'yan Sparta da bayi ke yi musu noma, yawanci manoma ne, hankalinsu na gona. Mamayar da Sparta ta riƙa kai wa ƙasar Atina a farkon yaƙin, mafi tsawo kwana arba'in ce. Su zo su sare amfanin gona su koma gida. Wanda ya karanta abin da Imam Ahmad bin Fartuwa ya rubuta kan yaƙoƙin Mai Idris Alooma a ƙarni na 16 ya san dabarar, don shi ma Mai ya sare itatuwa da shukar abokan gaba ya bar yunwa ta yi masa aiki.

Darajar rai ma ba ta fito ba. A tsibirin Sfakteriya, a 425, Atina ta kama mutum 292, kimanin 120 daga ciki 'yan asalin Sparta. Saboda waɗannan kaɗai Sparta ta daina shiga ƙasar Atina, ta yi ta neman sulhu, don ba ta da 'ya'yan da za ta maye gurbinsu. Kai kuwa in ka rasa 120, ka danna ka ɗebo wasu. Gari mai ganuwa da kake ci cikin minti ashirin, Filatiya ce da aka yi wa ƙawanya shekara biyu sai da yunwa ta sa ta miƙa wuya. Tsibirin Sisili, inda Atina ta kai babbar rundunarta a 415 ta hallaka a 413, ba ya ma cikin taswirar. Kamar a ba ka tarihin Borno a tsallake Rabe ne.

Amma babban giɓin, wanda nake ganin mu nan za mu fi ɗalibin Ingila gane shi, shi ne abin da ya faru a cikin garin Atina. Shugabansu Perikilis ya ce kada a fita a kara da Sparta a tudu. Kowa ya bar ƙauye ya shigo cikin ganuwa, a tura dabbobi tsibirin Yubiya, abinci ya riƙa shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Pirayus, wadda dogayen katangu suka haɗa ta da gari. A takarda dabara ce mai kyau. A ƙasa kuwa, manomi ne tsaye kan ganuwa yana hango hayaƙin gonarsa. Mutane suka cika wuraren bauta da hasumiyoyin katanga da bukkoki. A 430 annoba ta ɓarke cikin cunkoson, ta ci dubbai, ta ɗauke Perikilis kansa a 429. Tusididis, wanda ya rubuta tarihin yaƙin, shi ma ta kama shi ya tashi, ya kuma bayyana yadda aka kai ga jefa gawa kan wutar da wasu suka haɗa wa mamacinsu.

To, wa zai yi wa ɗan Maiduguri bayanin wannan? A 2014, da Gwoza da Bama suka faɗi, mun ga yadda gari ya cika. Sansanin Dalori a lokacin yana kan hanyar Bama, ba nisa da makaranta. Mun ga kwalara a Muna a 2017, shekarar da aka haƙa rami a gefen jami'a. Mun san yadda farashi ke tashi a Kasuwar Monday idan hanyar Damaturu ta samu matsala, mun san duhun da aka shiga bayan an karya turakun wuta a farkon 2021. Ba cewa nake yaƙin iri ɗaya ne ba, ko kusa. Amma zaman gari mai rayuwa da hanya ɗaya, da baƙin da ba su zo don son ransu ba, wannan ba a littafi muka karanta ba. Wasan yana da abinci, yana da annoba, amma lambobi ne a gefen allo: ja ya fito, ka gina gona, ya koma kore. Bayan nasara kuma a tambaye ka, a saki fursunoni, a bautar da su, ko a kashe? Dannawa ɗaya. Abin da aka yi wa tsibirin Melos ke nan bayan ƙawanyar 416, aka kashe maza, aka sayar da mata da yara.

Ƙarshen yaƙin ma ba sahun masu mashi ne ya kawo shi ba. Kuɗin Farisa ne ya gina wa Sparta jiragen ruwa. A 405 Lisanda ya kame jiragen Atina a Egospotami, ya datse mashigar da hatsi ke bi daga Baƙin Teku. Sai ya yi wani abu da ban ga maɓallinsa a wasan ba: duk ɗan Atina da ya samu a wani gari, ba ya kashe shi, sai ya ba shi hanya ya ce ya koma gida, don bakunan ci su ƙaru a cikin ganuwa. Bayan 'yan watanni, a 404, Atina ta buɗe ƙofa, aka rushe dogayen katangun ana busa sarewa.