Ruwan Wardi Daga Farisa Zuwa Kasuwar Kurmi

Kalmar "wardi" da muka aro daga Larabci, turare take tuna wa Bahaushe. Amma a ƙasashen da furen ya yi suna, ruwansa aka fara sani, kuma da shi mata suke wanke fuska don sanyaya fata.

Tun a ƙarni na 2 Miladiyya ake danganta wa likitan nan Jalinusu wani man shafawa na kakin zuma da mai da ruwa, wanda daga baya masu haɗa magunguna suka riƙa yin sa da ruwan wardi. Sai dai sana'ar tatsar ruwan fure ta bunƙasa ne a zamanin Abbasiyawa. Akan zuba furen da ruwa a tukunyar tagulla, a hura wuta, tururin ya bi ta bututu mai sanyi ya riƙa ɗiga. Al-Kindi, masanin Bagadaza na ƙarni na 9, ya wallafa littafi mai ɗauke da hanyoyin haɗa turare fiye da 100. Ibn Khaldun kuwa ya ruwaito cewa lardin Farisa yakan aika wa baitulmalin halifa kwalabe 30,000 na ruwan wardi kowace shekara a matsayin haraji. Abin da sarauta ta karɓa a madadin dinari, ba ƙaramin kaya ba ne. Har yau ana tatsarsa a Ƙamsar ta Iran da Ɗa'ifa, kuma da shi ake gauraya zamzam wajen wanke Ka'aba.

To, me ya sa bai zauna a ɗakin matan Hausa ba? A ganinmu, raƙumi ne ya yanke hukunci. Ruwa yana da nauyi, kwalba tana fashewa, ga tafiyar watanni daga Tarabulus. Man wardi kuwa, wanda sai an tatsi fure wajen tan 3 zuwa 4 kafin a sami kilo guda, ɗan tulu kaɗan ya isa ya biya wahalar Sahara. Shi ya sa da Barth ya zo Kano a 1851, man wardi ya lissafa cikin kayan da fatake suke kawowa daga arewa. Ƙamshin ya iso, ruwan ya tsaya a gaɓar teku.

Saboda haka gyaran fatar amarya ya ci gaba da dogara kan lalle da man kaɗanya, daga baya dilka ta shigo daga Sudan. Kwalaben ruwan wardi da ɗalibanmu mata suke saye a kanti yanzu, jirgin ruwa da mota ne suka kawo su.