Amosanin jini da ƙwarin ƙashi: Abin da ya kamata iyaye su sani

Amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila, cuta ce da ake gado daga uwa da uba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita a Najeriya duk shekara. Jama'a sun fi saninta da ƙarancin jini da tashin ciwo, amma ɓarnar da take yi wa ƙashi ita ce ke gurgunta matasa da dama.

Yadda cutar ke raunana ƙashi

Lafiyayyar ƙwayar jini tana yin kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 kawai. Saboda haka ɓargo ke aiki ba hutu don cike giɓin, har ya faɗaɗa ya cinye kaurin ƙashi daga ciki. Ƙwayoyin da suka lanƙwashe kamar lauje kuma suna toshe ƙananan hanyoyin jini, sai wani sashe na ƙashi ya rasa abinci ya mutu. Ƙarancin bitamin D, jinkirin balaga da yawan kwanciya na ƙara dagula lamarin. Tunda jiki yana gama tara ƙwarin ƙashi ne kafin shekara 30, abin da aka rasa a ƙuruciya da wuya a mayar da shi.

Alamomi

Ga jarirai, kumburin hannu da ƙafa mai zafi kan zama alamar farko, galibi bayan wata 6. Ga matasa, ciwon kwankwaso ko matsematsi tare da ɗingishi na iya nuna kan ƙashin cinya ya fara mutuwa. Zazzaɓi da kumburi a wuri guda kuwa na iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga ƙashi, musamman salmonela, dangin mai haddasa taifot. Ƙashin baya ma kan lotsa, ya jawo ciwon baya na dindindin.

Gubar dalma a yammacin Zamfara

A shekarar 2010 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu, kuma Bagega, Dareta, Abare da 'Yargalma na cikin wuraren da abin ya shafa. Jiki yana ɗaukar dalma tamkar kalsiyam, ya ajiye ta a ƙashi shekaru masu yawa. A jikin baligi fiye da kashi 90 cikin 100 nata a ƙashi take. Lokacin goyon ciki da shayarwa takan koma cikin jini, ta isa ga jariri. Yaran da aka yi wa magani a wancan lokaci yanzu sun kai shekarun aure.

Dalma tana rage jini, tana jawo ciwon ciki, tana kuma hana jiki sarrafa bitamin D, don haka ana iya ɗaukar alamunta a matsayin tashin sikila. Bugu da ƙari, yara masu sikila sun fi sauran yara kwaɗayin cin ƙasa. Mai sikilar da ya taɓa zama kusa da wurin niƙan dutse ya dace ya shaida wa likita, ya nemi gwajin dalma.

Bincike da kariya

Na'urar DEXA ce ke auna ƙwarin ƙashi, hoton MRI kuma ke gano mutuwar ƙashi tun kafin ta fito a hoton ƙashi na gama-gari. Mazauna Gummi, Anka da Bukkuyum za su iya neman asibitin gwamnati ya tura su Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

A gida, nono, kindirmo, zogale, miyar kuka da ƙananan kifaye da ake ci da ƙaya suna samar da kalsiyam. Shan hantsi, tafiya daidai ƙarfi, yawan shan ruwa da kwana cikin gidan sauro suna taimakawa. Maganin haidiroksiyuriya yana rage yawan tashin ciwo, amma sai da umarnin likita. A guji deksametason da ake saya a kemis, domin yana siranta ƙashi. Ɗingishin da ba faɗuwa ta jawo shi ba, asibiti ake kai shi, domin ɗori ba ya rayar da ƙashin da jini ya daina kaiwa gare shi.