TAFKIN BAIKAL: INDA AKA SHIMFIƊA LAYIN DOGO A KAN ƘANƘARA

Jama'a, mu da sana'armu ta dogara da safarar kaya mun san cewa in hanya ta yanke a wuri ɗaya, to duk ta yanke. Labarin tafkin Baikal da ke Saberiya, a ƙasar Rasha, shaida ne.

Shi wannan tafki ya fi kowane tafki zurfi a duniya, don zurfinsa ya kai mita 1,642. Daga watan Janairu zuwa Mayu kuwa samansa daskarewa yake yi ya zama ƙanƙara.

A 1891 Rasha ta fara gina layin dogo da zai ratsa Saberiya. Da aikin ya iso bakin tafkin sai ya cije, saboda duwatsun da ke gefen kudu. Sai gwamnati ta ba kamfanin Armstrong Whitworth na Ingila kwangilar ƙera jirgin fito mai fasa ƙanƙara. Gunduwa-gunduwa aka kawo shi, aka harhaɗa a bakin tafkin, aka sa shi a ruwa a 1899, aka raɗa masa suna Baikal. Taragu 24 yake haɗiyewa da kayansu, ya haye da su cikin kamar awa huɗu. A 1900 aka ƙaro ƙarami mai suna Angara.

To amma in sanyi ya tsananta, ƙanƙarar takan fi ƙarfin jiragen. Sai a sauke kaya da fasinja, dawaki su ja su a kan ƙanƙara. Duk wanda ya san sauke lodi da sake lodi ya san asarar da ke ciki: ga kuɗin dako, ga ɓata lokaci, ga ɓarna.

A Fabrairun 1904 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Japan, sojoji da kayan yaƙi suka taru a gaɓa. Dole ta sa aka shimfiɗa dogo a kan ƙanƙarar kanta, wajen kilomita 40. Kan jirgi ya yi wa ƙanƙara nauyi, saboda haka dawaki ne suka riƙa jan taragun, su kuma kawunan aka kwance su aka haye da su kashi-kashi. Sojoji da yawa da ƙafa suka taka.

A ƙarshen shekarar aka haɗe layin da ya zagaye kudancin tafkin, bayan an huda duwatsu a wurare 39. Duk da haka Rasha ta sha kaye a 1905, kuma wahalar kai kaya fagen fama na cikin dalilan.

Jirgin Baikal ya ƙone a yaƙin basasa a 1918. Angara kuwa yana nan a birnin Irkutsk, an mai da shi gidan tarihi.

Saboda haka in za mu ɗora kaya, mu fara tambayar inda hanya ta fi ƙunci kafin mu yi lissafin riba. Allah Ya kai kayanmu lafiya, amin.